Hoto a Ƙarƙashin Azara

Kabiru, Hadiza da kai Auwalu, na san abin da aka gaya muku game da shekarar da mahaifinku ya rasu, domin rabinsa a gabana aka faɗa, sauran kuma ya iso mini ta bakin maƙwabta. Ban tanka ba a lokacin saboda ina cikin takaba, daga baya kuma na ga kamar lokacin maganar ya wuce. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni, kuma Goggonku Sidi wadda ta fi kowa riƙe zancen ta riga mu gidan gaskiya, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda take cikin ɗakin. Ba ramuwa nake yi ba. Ƙaninta take so, ni kuma mijina nake so, mutum guda ne muka yi rigima a kansa. Allah ya jiƙan su gaba ɗaya.

Kun san mahaifinku Alhaji Isiyaku a nan Fagge aka haife shi, duk da iyayensa daga Ilori suka zo, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba sai sayar da yadi a kasuwar Kwari. Mutum ne da zai taɓa yadi da yatsa biyu ya gaya maka inda aka saƙa shi. Ni kuwa kun san ni da littafi. Tun ina budurwa nake hayar littattafan soyayya, in ɓoye su a cikin kwanon tuwo, bayan aure ma ban daina ba. A cikinsu kullum namiji yana da idanu masu lumshewa, yana duban masoyiyarsa har ta rasa inda za ta sa kanta. Nawa mijin idan ya dube ni, tambaya yake yi ko an sa wa miya gishiri. Amma idanunsa sun fi na duk waɗanda na karanta, manya ne, farare tas, da wani ɗan ja a gefe kamar wanda bai gama barci ba. Ban taɓa gaya masa ba sai sau ɗaya, ya yi dariya har ya ƙware, daga ranar ya sa mini suna 'Yar Littafi. Hoto kuwa ba ya yi. Ba wai yana ganin haramun ne ba, cewa yake aikin marasa abin yi ne. Duk gidan nan babu hotonsa sai ɗan ƙaramin na fasfon Hajji, shi ma hatimi ya cinye masa rabin fuska.

Ciwon suga ya daɗe yana cin sa a hankali, a wannan shekarar ne ya hau idanun. An yi masa aiki a asibiti, ganin bai dawo ba sai dishi-dishi, kuma aka bar shi da wata azaba: haske ya zama abokin gabarsa. Ko ƙofa aka buɗe da rana sai ya ce kamar an soka masa allura. Ya bar kasuwa, ya koma tsohon ɗakin mahaifinsa na ƙasa, mai rufin azara, saboda ya fi ko'ina sanyi da duhu. Na rataya baƙaƙen labule a taga da ƙofa. Mutumin da ya saba da hayaniyar Kwari sai ga shi zaune shi kaɗai da rediyo da carbi, ƙafafu a kumbure.

Kyamarar kuwa taka ce, Kabiru, wadda ka saya za ka koyi hoto, aka ba ka aiki a Lakwaja ka tafi ka bar ta a kan durowa. Irin ta 'yan koyo ce, baƙa, mai ɗan allo a baya da kati a ciki. Na ɗauke ta don kaɗaici, ina dannawa ina gogewa har hannuna ya faɗa. Matan unguwa suka fara kirana suna da walima, wuraren da ba sa son namiji mai hoto ya shiga. A saman kyamarar akwai 'yar filasha mai ɗagowa da kanta idan wuri ya yi duhu, ta watsa wa mutum haske tsakiyar fuska. Wata rana da hantsi, jim kaɗan bayan mun ji cewa ke Hadiza kina da cikin fari, ina gyara masa filo sai ya riƙo hannuna.

"'Yar Littafi, wannan abin naki da kike yawo da shi gidajen mutane, yana ɗaukar tsofaffi?"

"Yana ɗaukar waɗanda ba su da abin yi," na ce.

"To ai na shiga sahunsu. Abin da ke cikin Hadiza ba lallai ya same ni ba. Ina so a nuna masa fuska, kada a nuna masa hatimi."

Na yi masa faɗa kan irin wannan magana, amma na ɗauko kyamarar. Ina dannawa filashar ta ɗago ta yi walƙiya. Bai yi ƙara ba, mahaifinku ba mai ƙara ba ne. Ya dai dafe fuska da hannu biyu ya sunkuya, hawaye na bin tsakanin yatsunsa, kuma bai iya ɗago kai ba har la'asar. Abin da ya fito a allon kuwa wani tsoho ne da ban sani ba, ido a runtse, baki a murguɗe. Na goge shi nan take. Na gwada ba filasha, ba abin da ya fito sai duhu da inuwar hula. Waje kuma ba zai fitu ba. A ranar na ƙudura a raina cewa sai na ɗauke shi idonsa a buɗe, ko kuma kada a ɗauka.

Washegari na hau a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari, wurin wani mai shagon kayan hoto da nake kai wa wankin hotuna. Oga Sunday ake ce masa, Inyamuri ne haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Birni. Na zauna a benci na yi masa bayani. Na ce haske nake so irin na hantsi idan ya biyo ta labule, wanda yake kwanciya a fuskar mutum ba tare da ya tashe shi ba.

"Hajiya, filasha kika zo saye ko waƙa kika zo yi mini?" in ji shi.

Ya fito da iri uku ya jera a kan kanta, duk masu hawa saman kyamara, masu cin batir irin na tocila. Ta farko ƙarama ce, kanta a kafe, gaba kawai take kallo. Ya ɗora ta a kyamarata ya ce in dubo shi, ya danna. Na daɗe ina ganin kore-kore.

"Wannan yayar ta jikin kyamararki ce, ta fi ta mugunta ma. A wurin biki za ta yi miki aiki. A idon Alhaji kuwa, kin dai ji da naki."

Ta biyu ƙatuwa ce, tsohuwa, ta zamanin fim. Ita tana ɗaga kai, na har miƙa hannu, sai ya janye ta. Ya ce wutar da ke cikinta ta fi ƙarfin irin kyamarorin yanzu, tana iya ƙona mini tawa ranar farko, ba zai sayar mini ba ko na roƙe shi. Sannan ya ɗauki ta uku. Ya lanƙwasa kanta ya kalli sama, ya ɗora a wata kyamara tasa, ya ce in buɗe ido sosai. Na ji ƙarar dannawa, shagon ya yi fari ya koma, ban ko ƙifta ba. Ya juyo mini da allon. Ga ni nan zaune a benci, mayafina da zanensa, fuskata a kwance kamar ina bakin taga. Ya ce hasken sama ya tafi, ya bugi silin, ya sauko a hankali kamar yayyafi, kuma ita wannan tana jin maganar kyamara, da kanta take auna yawan hasken da ake bukata.

"Ita nake so," na ce.

"Na sani. Amma wannan ba ta jin yaren kyamararki, kamfaninsu daban. Taki sai na aika Ikko. In kina sauri, ga ƙaramar nan, ki tafi da ita yau."

Na dubi ƙaramar, na tuna hawayen da ke bin yatsunsa. Na ce ya aika.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Kaya suka maƙale a hanya, aka kawo wata ba irinta ba aka mayar, damina ta shigo. Mahaifinku kuwa kullum raguwa yake. Zoben azurfarsa ya fara zamewa daga yatsa, muryarsa ta koma ciki. Goggonku Sidi, yayarsa da ta goye shi yana yaro, tana zuwa daga gidanta kullum da kunun gyaɗa a fulas, kuma ba ta taɓa tafiya ba tare da ta yar mini da magana ba.

"Binta, mutum na kwance ke kina jiran fitila daga Ikko. Ki ɗauke shi da wadda ke akwai mana, daƙiƙa guda ce. Allurar asibiti ma ai yana sha."

"Yaya, ido zai runtse."

"Sai me? Ke komai sai kin mai da shi littafi."

Kai ma Kabiru ka kira ni a waya ka faɗi kusan haka, cikin ladabi. Ban ji haushinka ba. Ni kaina akwai ranakun da na ɗauko kyamarar na tsaya a bakin ƙofarsa, in ji numfashinsa yana fita da ƙyar, in ce a raina idan ya tafi gobe fa? Sai in tuna tsohon nan mai murguɗaɗɗen baki da na goge, in mayar da ita jaka. Shi kaɗai ne bai taɓa matsa mini ba. Yakan tambaya kawai, "Baƙuwarmu ta iso Kaduna?"

Ta iso wata Alhamis. Ranar Juma'a da safe na aika aka kira wanzami ya yi masa aski da gyaran fuska. Na yi masa wanka da ruwan ɗumi, na sa masa shaddarsa ruwan toka da hular zanna, muna yi muna hutawa, domin ɗaga hannu kaɗai sai ya sa shi haki. Kafin in zaunar da shi a kujera in tokare shi da filo, an fara kiran sallar farko a masallacin Juma'a. Na ɗora filashar, na lanƙwasa kanta sama yadda aka nuna mini, na ce ya dubo inda muryata take. Na danna. Bai ƙifta ba, ya ma tambaya ko na yi. Na duba allon da murna, sai na ga duhu. Hula ce kawai da haƙora. Na sake, na sake, duk ɗaya. Na kira Oga Sunday a waya.

"Hajiya, ɗaga kanki. Silin ɗin wane launi ne?"

Na ɗaga kai. Shekara da shekaru ina shiga ɗakin nan, ban taɓa duban rufinsa da idon tambaya ba. Azara ce jere, baƙa ƙirin, hayaƙin fitilar kwai da turaren wuta tun na zamanin surukata sun dafe ta. Bangon kuma koren fenti ne mai duhu.

"Ba silin ba ne, azara ce. Baƙa."

Ya ce, "Ban kawo wannan a raina ba, wallahi. Mu nan duk farin silin ne. Baƙi shanye haske yake, ba ya mayarwa. Sai kin sami wani abu fari, mai faɗi, a samansa."

Na zauna a bakin gado na fara kuka. Zannuwan gadona duk masu fure ne. Na ce bari a sauko daga masallaci in aika Kwari a yanko farin yadi, in ba a samu yau ba mu yi gobe.

"Gobe ba zan iya wannan kwalliyar ba, Binta," in ji shi. Bai cika kiran sunana ba. "Ko la'asar ban ce zan kai a zaune ba. Jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado."

Na san abin da ke ciki. Likkafaninsa ne, farin alawayyo da ya zaɓa da hannunsa a Kwari, ya tafi da shi Makka, ya tsoma a ruwan zamzam ya shanya a can, ya dawo da shi a naɗe ba a yanka ba. Na ce ba zan taɓa ba. Na ce wannan mugun fata ne.

"Yadi ne. Ni na saye shi, na san kuɗinsa, na san masaƙarsa. Duk rayuwata ban taɓa sayar wa mutum yadi ban warware masa ya gani ba, sai nawa ne za a naɗe ni a ciki ban san ko yana da tabo ba? Ɗauko, 'Yar Littafi. Ai ko a littafinku ba a taɓa yin irin wannan ba."

Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe. Shi ya ce a ɗauko, sau uku yana faɗa ina ƙi. Na kifa turmi na hau, na riƙa cusa gefen yadin a tsakanin azara, inda ya ƙi zama in kafa ƙusa, na kai shi bango na dawo da shi, har ya rufe saman kujerarsa. Ƙura na zubo mini a ido. Shi kuma yana daga ƙasa yana ba da umarni kamar yana rumfarsa, wai in ja sosai, daga ƙarar yadin ya ji ya yi tattara. Na sauko na ɗauki kyamara.

"Alhaji, dubo ni."

"An sa wa miya gishiri?" ya ce.

Ina dariya ina hawaye na danna. Ɗakin ya yi fari ya koma. A allon sai ga mijina, a rame, shaddar ta yi masa yawa, amma idanun nan a buɗe, suna kallona kai tsaye, har ɗan jan da ke gefe ya fito. Na ɗauki wasu, amma na farkon ya fi. Ni ban shiga ba, don babu mai danna mana. Sai bayan shekaru wata yarinya ta nuna mini cewa kyamarar tana iya jira ta ɗauka da kanta.

Ban kai ga sauke yadin ba Goggonku ta yi sallama ta ɗaga labule. Ta ɗaga kai, ta dubi buɗaɗɗen akwatin, ta ajiye fulas ɗin a ƙasa a hankali.

"Kin shimfiɗa masa likkafani a ka yana numfashi."

"Yaya Sidi, ni na sa ta," in ji shi.

"Kai ka yi shiru, ba ka da lafiya. Mara lafiya yana iya cewa komai. Mai lafiyar ita ce ta hau turmi." Ta juyo gare ni. "Gaggawar me kike yi, Binta?"

Ta faɗi wasu maganganu da Yarbanci waɗanda na ji amma ba zan rubuta ba, ta fita. Ya kira ta, muryar ba ta kai tsakar gida ba. Daga ranar idan ta zo duba shi sai in fita, haka ta shardanta.

Da na sauke yadin sai na ga abin da azara ta yi masa: layuka baƙaƙe daga wannan gefe zuwa wancan, da 'yan hujojin ƙusa. Na ce zan wanke in goge. Ya ce in miƙo masa. Ya bi shi da yatsa biyu, ya shinshina.

"In kin wanke, zamzam ɗin ya bi kwata. Wannan hayaƙin turaren Iya ne, na san ƙanshinsa. Naɗe shi haka. Kada ki bari a canza mini."

Da na karɓo hoton daga wanki, babba, na kai masa har gaban hanci. Ya juya shi, ya matso da shi, ya nisanta. Ba ya ganin komai sai fari-fari. Ya ce in gaya masa. Na fara cewa ya fito kamar wani basarake, fuskarsa na sheƙi, sai ya ɗaga hannu.

"Ban da littafi."

"Ka rame. Wuyan rigar ya yi maka yawa. Idonka a buɗe yake."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"To ya isa."

Ya rasu kafin damina ta ɗauke, da hantsi, kaina yana kusa da nasa. Da masu wanka suka aiko a ba da likkafani, na buɗe akwatin na miƙa. Goggonku ta karɓe daga hannun ɗan aiken, ta warware shi a tsakar gida gaban matan da suka cika gidan, ta ɗaga layukan baƙin nan sama kowa ya gani. Ta ce a je Kwari a yanko sabo, ƙaninta ba zai tafi a cikin tsumman hoto ba. Kai Kabiru kana hanya, Auwalu kana waje wurin maza, Hadiza an riƙe ki a ɗaki saboda tsohon ciki. Ba ni da kowa a tsakar gidan nan. Daga inda nake zaune na ce wasiyyarsa ce, kuma ba zan ba da izinin wani ba. Aka kai maganar zaure wurin liman. Ya tambaya ko najasa ce ta taɓa shi, aka ce hayaƙi ne. Ya ce a yanka a yi amfani da shi.

Matan da na ɗauka hoto a sunan 'ya'yansu suna kallona ranar kamar ba su taɓa sanina ba, kuma da yawansu ba su ƙara kirana biki ba. Na ji lokacin da aka fara yaga yadin a ɗakinsa. Ƙarar ta fito sarai, irin ta alawayyo mai kyau, kuma na san da yana ji da ya ce a ja sosai.